Yadda Za Ka Kare Rediyo Mai Basira Daga Makaryata Da 'Yan Sojan Gona

Rediyo mai basira ɗan raɓe ne. Yana sauraron zangon da aka ba wani lasisi, misali tashar talabijin, in ya ji shiru ya shiga, in mai wuri ya dawo ya tashi. Ƙa'idar IEEE 802.22 ta 2011 ta ba shi daƙiƙa 2 ya bar tashar, kuma dole ya iya jin siginar talabijin ta dijital ko da ta yi rauni har -116 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina). Na'ura ɗaya ba ta isa wannan aiki ba, sai a sa da yawa su saurara su aika wa cibiya rahoto. Ta nan ɓaraka take shigowa.

Fara da dokar yanke hukunci. In tsarinka ya ce ko na'ura ɗaya ta ce "akwai mai wuri" kowa ya tashi, to wake ɗaya zai ɓata gari: makaryaci guda zai yi ta korar kowa ya ci zangon shi kaɗai. Koma wa rinjaye, kamar 6 cikin 10. Sai dai rinjaye ma yana da iyaka, domin da zarar baragurbi sun kai rabi, cibiya ta makance. Saboda haka kowace na'ura ta shigo da shaidar dijital, kada mutum ɗaya ya yi rajista da sunaye ashirin.

In alkaluman ƙarfin sigina ake aikowa, kada ka tara ka raba. A ce tara sun kawo -110 dBm, ɗaya ya kawo -60. Rabawa za ta ba ka -105, ƙarya ta ja sakamakon ke nan. Jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, zai tsaya a -110. Wanda ya yi nisa da shi sosai, ajiye rahotonsa gefe.

Ajiyewa dai, ba kora ba. Na'urar da tsauni ko dogon gini ya tare takan saɓa wa sauran tsakaninta da Allah, wani lokacin ma wadda ta saɓa ɗin ce kaɗai ta ji gaskiya don ta fi kusa da turken talabijin. Buɗe wa kowace littafin maki: ta dace da hukuncin ƙarshe a ƙara mata 1, ta saɓa a cire 2 ko 3, a auna rahotonta da makinta. Cirewar ta fi ƙarin ne saboda masu wayon da sukan yi gaskiya na ɗan lokaci su tara amana, sannan su zuba ƙarya.

Ɗan sojan gona kuwa ba ya aiko rahoto, siginar mai kama da ta talabijin yake watsawa. Ma'aunin ƙarfi kaɗai ba zai gane shi ba. Turken talabijin ba ya motsi kuma an san inda yake, don haka kwatanta ƙarfin da na'urorinka suka ji da nisansu daga turken. In waɗanda ke unguwa ɗaya ne kawai suke jin siginar da ƙarfi, na'urar ɗan sojan gonar tana cikin unguwar. Tabbatar da rumbun bayanan tashoshi masu lasisi kafin ka ba da umarnin tashi.