Yadda ake shan bitamin don garkuwar jiki ba tare da asarar kuɗi ko lafiya ba

Duk shekara da zarar hunturu ya buso a Gombe, ƙura ta lulluɓe gari, mura da tari sun fara bin gida-gida, sai ka ga mutane na tururuwa kyamis, kowa bakinsa ɗaya, "a ba ni maganin ƙara garkuwar jiki". Na ɗan yi shekaru ina taya wani yayana zaman shagon magani a Tudun Wada, toh abun da idona ya gani a wajen shi ya sa nake wannan rubutun. Mutum zai zo ya zube kuɗin cefanen sati guda a kan kwalba mai ƙyalli, alhali in ka bincika maleriya ce ke cinsa, ko kuma dai rabonsa da miya ta kirki an kwana biyu.

Bari in faɗi abun da na yarda da shi tun kafin mu yi nisa. Bitamin cike giɓi yake yi. Kamar baƙin mai ne a injin Keke Napep, in ya ragu ka ƙara sai inji ya dawo daidai, in kuma a cike yake ka ci gaba da ɗurawa ba gudu za ta ƙara ba, sai ma ka jawo wa kanka zuwa wajen makaniki. Sojojin jikinmu, wato fararen ƙwayoyin jini da fata da laushin cikin hanci da hanji, suna buƙatar bitamin A, C, D da zink da sinadarin ƙarfe da sauransu kafin su yi aikinsu, wannan gaskiya ne. Amma wanda jikinsa ya wadata, ƙari ba zai mayar da shi Basamude ba.

Mataki na farko: gano ko ma akwai giɓin

Waɗanda suka fi shiga wannan layin su ne mai ciki, mai shayarwa, yara ƴan ƙasa da shekara 5, tsofaffin da haƙori ya ƙare ba sa iya tauna nama, wanda ya tashi daga doguwar jinya, da macen da jinin al'adarta ke zuwa da yawa. Jiki ma yakan ba da alama. Dundumi, wato da magariba ta yi mutum ya fara lalube, yakan nuna ƙarancin bitamin A. Ka ja fatar ƙasan ido ka ga fari fat, ga haki da jiri in an miƙe, wannan ƙarancin jini ne ake zargi. Dasashi na zubar da jini ko ciwo ya ƙi warkewa, za a iya duba wajen bitamin C da zink.

Amma fa zargi ne kawai. Ka je asibiti ko ƙaramin asibitin unguwa a auna jininka, gwajin nan na PCV, mai nuna yawan jini, ba wani daɗewa yake ba. In kuma kai ne kullum cikin ciwo, yau zazzaɓi gobe maruru jibi gudawa, dan Allah kar ka tsaya kan bitamin, a duba maka suga, a duba ƙanjamau, in akwai tarin da ya wuce sati biyu a duba tarin fuka, shi gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Waɗannan su ne manyan masu karya garkuwar jiki, babu ƙwayar bitamin da za ta tare su.

Mataki na biyu: ka fara da kasuwa kafin kyamis

Nan ne nake jin haushin kanmu wallahi. Garin da motoci ke zuwa daga kudu su yi lodin wake, ga masu lambu a Dadin Kowa da Kwadon suna turo tumatir da tattasai da albasa, amma mu ne ke neman ƙwayar da aka yo a Indiya ko Chaina.

Babban mutum namiji na buƙatar miligiram 90 na bitamin C a rana, mace 75. Lemu ɗaya madaidaici ya kusa ba ka 70, gwaba ɗaya mai kyau kuwa ta wuce abun da kake nema gaba ɗaya. Farin garin nan na ɗan kuka da ake kwalba da nono da shi ma yana da shi sosai. Matsalar bitamin C ita ce ba ya son wuta, in aka bar miya na tafasa tun azahar har la'asar to ya gudu, shi ya sa ɗanyen tumatir da ake yankawa a kan dafa-duka ko kwaɗo ya fi wanda ya narke a tukunya ta wannan fannin.

Bitamin A kuma ki neme shi a manja, karas, kabewa, mangwaro, gwanda, hanta, ƙwai, zogale da alayyahu, da dankalin Hausa mai jan ciki. Shi da maiƙo yake shiga jiki, kin ga ke nan kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ba ƙaramin haɗi ba ne, iyayenmu ba su san sunan bitamin ba amma sun iya shi. Sannan kar ki soya manja har ya yi fari yana hayaƙi, jan nan shi ne amfanin. Dokar ƙasar nan ta tilasta wa kamfanoni sa bitamin A a man girki da sukari da fulawa, in kin duba jarka ko buhu za ki ga ɗan tambarin ido a jiki, na awo da ake ɗurawa a gorar ruwa kuwa ba ki da yadda za ki tabbatar.

Zink da sinadarin ƙarfe suna cikin nama, hanta, kifi, wake, gyaɗa, riɗi da agushi. Akwai wani sinadari a hatsi da wake da ke riƙe su ya hana hanji tsotsa, jiƙawa da tsimawa na rage shi, wato kamu da ƙullun da ya kwana suna da ranarsu.

Bitamin D rana ce ke sa fata ta haɗa shi, kuma rana dai ba mu da talaucinta. Sai dai matan da ke wuni a ɗaki, in za a fita kuma an rufe ko'ina, da tsofaffin da ke kwance, su kan iya rasawa. Ki fito tsakar gida da hantsi hannu da ƙafa a buɗe na ɗan lokaci, ranar da ta ratso ta gilashin taga ba ta wannan aikin.

Mataki na uku: in dole sai ƙwaya, ka san adadi

Juya kwalbar ka karanta bayanta, kar ka tsaya kallon hoton ƙaton da ke gaba. Zink, namiji miligiram 11 a rana, mace 8, kuma kar a wuce 40, don in ya yi yawa na tsawon lokaci yana hana jiki ɗaukar wani sinadarin, sai garkuwar da ka zo gyarawa ta ƙara rauni. Bitamin C iyakarsa miligiram 2000 a rana, wuce nan sai murɗar ciki da gudawa, mai tsakuwar ƙoda kuma ya yi nesa da manyan adadin. Ƙaton nan mai 1000 da ake jefawa a ruwa yana tsiiii, mafi yawan rarar fitsari take bi, kuma irin masu kumfan nan suna da sinadarin gishiri, mai hawan jini ya tambaya tukuna. Binciken da aka tattara ya nuna shan bitamin C kullum ba ya hana yawancin mutane kamuwa da mura, ɗan rage kwanakinta kawai yake.

Masu haɗari su ne A da D, don su ba sa fita ta fitsari, taruwa suke a jiki. Bitamin D ana buƙatar IU 600 a rana (IU ma'auni ne da za ka gani a bayan kwalba), wanda ya haura shekara 70 kuma 800, iyaka 4000. Bitamin A irin na ƙwaya iyakarsa IU 10,000 ga babba. Ga yawancin mutane da ke jin abincinsu bai cika ba, multibitamin ɗaya, wato ƙwayar da ta haɗa bitamin iri-iri, mai adadi kusa da buƙatar rana ya isa. Kuskuren da na fi gani shi ne haɗa uku lokaci guda, ga multibitamin, ga tonik na ƙarin jini, ga man hantar kifi, kowanne ɗauke da abu iri ɗaya, mutum bai sani ba ya ninka.

Mataki na huɗu: inda za ka saya

Ka duba lambar NAFDAC, ka duba ranar lalacewa, ka duba murfi ko an taɓa ɓalle shi. Yawancinsu an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, kai kuma ka san Gombe a watan Maris da Afrilu, zafi na kai wa 40. To maganin da ke cikin baho a kan ɗan talla, ko a kan bonet ɗin mota da lasifika a tasha tun safe, me ya rage a cikinsa?

Sai wani abu da ba zan iya wucewa ban faɗa ba. Wata rana wata dattijuwa ta shigo da ƙulli a leda, ƙananan ƙwayoyi ba suna ba kwali, ta ce "ɗan nan, irin wannan bitamin ɗin za ka ƙaro wa jikata, ta fara kumatu". Na ce "Goggo, wannan ai ba bitamin ba ne, sha-ka-fashe ne". Irin su dexamethasone kenan da ƴan mata ke sha don ƙiba, kumburi ne da ƙibar da ba ta lafiya ba, kuma aikinsa na asali shi ne danne garkuwar jiki, ga tayar da suga da hawan jini. Wanda ya daɗe yana sha ma ba a yanke shi rana ɗaya, sai likita ya rage a hankali. Duk haɗin da aka ƙulla maka ba suna, bar shi.

Mataki na biyar: yadda ake shan

A da D da multibitamin, bayan cin abinci mai ɗan maiƙo. Zink in ka sha ciki ba komai tashin zuciya zai sa ka. Maganin ƙarin jini kuwa abokin gabarsa shayi ne, mu kuma ga mu da teburin mai shayi safe da dare, toh a ba da tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakaninsu, haka nono da madara da ƙwayar kalsiyum. In ka kora shi da ruwan lemu ya fi shiga. Bayan gida zai yi baƙi, wani lokaci ya yi tauri, kar ka tsorata. Fitsari ya koma rawaya shar bayan bitamin B, shi ma ba komai.

In kana shan wani magani ka faɗa wa likita ko mai famasi. Zink, ƙarfe da kalsiyum suna kama irin su ciprofloxacin da tetracycline a cikin hanji su hana su aiki, haka ma wasu magungunan ƙanjamau, akwai tazarar awannin da za a gaya maka. Masu sikila kuma, ku da iyayensu, kar a ga ido ya yi fari a ruga a sayo tonik mai ƙarfe, yawanci folik asid ake ba su, ƙarfen na iya taruwa ya yi illa musamman ga wanda ake yawan yi wa ƙarin jini.

Mataki na shida: mai ciki da yara, nasu daban

Ƴar'uwa in kina da juna biyu, wajen awo za a ba ki ƙwayar ƙarfe da folik asid, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid kullum. Ki sha, kar ki tura ƙarƙashin katifa wai yana sa ɗa ya yi ƙato a kasa haihuwa, ƙarancin jinin ne abun tsoro ranar haihuwa. Amma ki guji babban adadin bitamin A, yana iya nakasa abun da ke ciki, musamman a watannin farko.

Jariri har wata 6 nonon uwa zalla. Daga nan akwai ɗigon bitamin A da ake yi duk bayan wata shida, shuɗin ƙwanso mai IU 100,000 na ƴan wata 6 zuwa 11, ja mai 200,000 na ƴan wata 12 zuwa 59, kyauta ake ba da shi a makon lafiyar mata da yara, a tabbata an rubuta a kati don kar a maimaita kusa-kusa. In yaro na gudawa, ruwan gishiri da sukari na ORS tare da zink miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata 6 rabin haka, kuma a ƙarasa kwanakin ko da gudawar ta tsaya a rana ta uku, nan ne iyaye suka fi sakaci. Allurar rigakafin ƙyanda da sauransu kuwa babu bitamin da ke maye gurbinta.

Ƙwayoyin ƙarin jinin nan jajaye masu santsi yara na ɗaukarsu alawa, kuma in yaro ya haɗiye da yawa yana iya mutuwa. A sa su can saman wadirob, ba cikin jakar da yake wasa da ita ba. In har ya sha, asibiti kai tsaye da kwalin a hannu, ba a tsaya ɗura masa manja ba.

Na ƙarshe: sa ranar dubawa

Ka rubuta ranar da ka fara a jikin kwalin. Mai ƙarancin jini yakan ɗauki kamar wata uku ana sha, a tsakani a koma a sake PCV a ga ko yana hawa, in bai motsa ba to akwai inda jinin ke zurarewa, tsutsar ciki ce ko gyambon ciki ko basir mai jini ko maleriya mai dawowa, sai a bi sawun wannan. In kuma bayan ka fara wata ƙwaya ka ji ciwon kai mai naci, amai, yawan ƙishirwa da fitsari, ko ƙuraje sun feso, ajiye ta ka ɗauki kwalbar ka kai wa likita ya karanta da idonsa.