Kurakuran da masu zuwa kwas da bita suke ta maimaitawa

Duk shekara sai na ga sababbin ma'aikata a ofishinmu sun faɗa ramin da na taɓa faɗawa. Na yi magana har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta, mai kunnen ji ya ji.

Wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci shi ne sayen takarda. Ina ƙaramin ma'aikaci a sashen kuɗi aka kawo mini tallar wata cibiya mai dogon suna, wai kwas na kwana uku a otal, ana gamawa a ba ka satifiket da wasu haruffa da za ka riƙa jerawa a bayan sunanka. Na zuba albashin wata biyu, na haɗa da kwasar adashina. Aka sa mana riga da hula, aka yi ta hotuna, na kai takardar aka yi mata firam. Ranar ganawar ƙarin girma wani dattijo a kwamitin ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Malam, wace doka ce ta kafa waɗannan?" Na ce ranka ya daɗe, suna da rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista. Ya ce ai mai shagon da yake sayen sukari a wurinsa ma yana da ita. Ashe kallon kitse na yi wa rogo.

Rajistar CAC shaida ce kawai cewa kamfani ya yi rajista, ba ta ba kowa ikon tantance ƙwararru ba. A cikin ƙungiyoyin akantoci, ICAN doka ce ta kafa ta a 1965, ANAN ta samu tata dokar a 1993. Malamin makaranta TRCN ce hukumarsa, injiniya COREN, nas da ungozoma kuma suna da majalisarsu, wadda take duba irin bitar da suka halarta kafin ta sabunta musu lasisi. Ni yanzu kafin in biya ko sisi sai na shiga ofishin kula da ma'aikata na tambaya ko suna lissafa takardar wurin ƙarin girma. In suka fara kame-kame, kuɗina ya tsira.

Sai 'yan alawus. Kai da ka shigo aiki jiya, har ka iya bin oga kana roƙon a sa sunanka a bitar Kaduna saboda kuɗin kwana da na mota? Ka sa hannu a rajista da safe, ka karɓi jaka da biro, ka sha shayi, ka sulale kasuwa, ba a sake ganinka sai lokacin rabon ambulan. Na yi wannan, ban ɓoye ba. An tura ni bitar Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ta mako guda, na ƙare ta a kujerar baya ina hira. Na dawo oga ya miƙo mini lissafin albashin wata ya ce tunda an horas da ni, in haɗa kafin la'asar. Har isha'i ina zaune da kalkuleta ina zufa, ƙarshe yaron da ke bautar ƙasa a ofishin ne ya gama shi cikin rabin awa. Shekara uku ba a ƙara sa sunana a komai ba, kuma ban ga laifin kowa ba. Abin da nake yi tun daga nan: kafin in tafi sai in rubuta matsala ɗaya da ke ba ni wahala a aiki, ba na barin zauren sai mai koyarwa ya warware mini ita, in na dawo kuma a makon nan nake koya wa wani. A wurin koyarwar ne kake gane abin da bai zauna maka ba.

Masu aiki a kamfani, ku daina saurin biya daga aljihunku. Kamfanonin da dokar ITF ta shafa, asusun horaswar nan da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, suna zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu na shekara, kuma ana mayar musu da wani kaso idan sun horas da ma'aikata. Ka fara tambayar manaja tukuna.

Ɗaukar hoton duk abin da aka haska a allo aikin banza ne, ba za ka sake buɗewa ba, ka rubuta da hannunka. Kwas ɗin kwamfuta ba kwamfuta a gabanka, kallo ka je. Rukunin WhatsApp da ake buɗewa ranar rufe taro kuwa, mako biyu ya koma na gayyatar ɗaurin aure da barka da Juma'a, don haka lambar mai koyarwar nake karɓa, in kira shi ranar da na maƙale.