Yadda Ake Juya Jadawalin Ciniki Domin Zanen Layi a Power BI

Masu lissafi da dama a Gombe suna tsara jadawalinsu a Excel yadda zai yi daɗin karantawa: sunan reshe a ginshiƙin farko, sannan kowane wata da nasa ginshiƙin, tun daga Janairu har Disamba. Tsarin yana da kyau a takarda, amma manhajar Power BI ta kamfanin Microsoft tana son watanni duka su taru a ginshiƙi guda, kuɗi kuma a wani, kafin ta zana layin da zai nuna hawa da saukar ciniki.

A ɗauka dillalin takin zamani ne mai rassa a Gombe da Kumo da Bajoga. Jadawalinsa sahu 3 ne. Idan aka juya shi zai koma sahu 36, kowane sahu ɗauke da reshe da wata da kuɗin da aka samu.

Da farko a shigo da fayil ɗin, a danna "Transform data" domin a buɗe Power Query, wato sashen gyara jadawali na manhajar. Idan sunayen watanni ba su hau kan jadawali ba, a danna "Use First Row as Headers". Daga nan a cire ginshiƙin jimilla da sahun jimilla, domin idan aka bar su manhajar za ta ɗauki ginshiƙin jimillar a matsayin wata na 13, sahun jimillar kuma a matsayin wani reshe, layi ya yi tsalle sama har ya danne sauran.

Sai a zaɓi ginshiƙin reshe, a danna "Unpivot Other Columns". A ganina wannan ya fi "Unpivot Only Selected Columns" amfani nesa ba kusa ba, saboda duk watan da aka ƙara daga baya zai shigo da kansa. Ginshiƙai biyu za su fito, "Attribute" da "Value", sai a sauya musu suna zuwa Wata da Kuɗi. A lura cewa gurbin da aka bari babu komai zai ɓace a wannan mataki, don haka watan da ba a sayar da taki ba a rubuta masa sifili tun a Excel.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne jerin watanni. Muddin manhajar tana kallon su a matsayin rubutu, tana iya jera su bisa haruffa, Afrilu da Agusta su riga Janairu, damina ta zo kafin rani. Maganinsa shi ne a rubuta kan ginshiƙan da kwanan wata, kamar 2025-01-01, sannan a mayar da nau'in ginshiƙin Wata zuwa "Date".

Bayan "Close & Apply", a zaɓi "Line chart", a saka Wata a "X-axis", Kuɗi a "Y-axis", reshe kuma a "Legend", sai kowane gari ya fito da layinsa da launinsa.