Babi na Shida: Ciwon Gaɓa Bayan Tsohon Rauni

Darasi na 1

Gaɓa ita ce mahaɗar ƙasusuwa, kamar gwiwa da idon sawu. A bakin kowane ƙashi akwai guringuntsi, wato farin abin nan mai santsi da kuke gani a kan ƙashin kaza, kuma shi ne yake hana ƙasusuwa gugar juna. Idan mutum ya faɗo daga babur, ko ya yi mummunan targaɗe a fadamar shinkafa, ko ƙashi ya goce wajen kokawa, guringuntsin yana iya lalacewa, kuma ba ya komawa yadda yake. Sai an manta da raunin, bayan watanni ko shekaru, gaɓar ta fara ciwo da kumburi, tana sanƙarewa da safe.

Darasi na 2

Duk raunin da ya taɓa gaɓa, a je asibiti a ɗauki hoton ƙashi kafin a nemi mai ɗori, domin ƙashin da ya haɗe a karkace shi yake cinye guringuntsi. Mutanen Birnin Kebbi suna da Asibitin Sir Yahaya kusa da su.

Darasi na 3

Iyayena da 'yan'uwana, a nan ake yawan kuskure, saboda haka mu bi a hankali. Ana riƙe sanda a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya. Idan gwiwar dama ce take ciwo, sanda tana hannun hagu. Idan ta hagu ce, sanda tana hannun dama. A jefa sanda tare da ƙafa mai ciwo lokaci guda, sannan mai lafiya ta biyo baya, ta haka nauyin jiki yake raguwa a kan gaɓar. Kowa ya tashi ya gwada, babu abin kunya, sannu ba ta hana zuwa.

Mu sake: ciwo a dama, sanda a hagu. Na ga dattijon da ya amsa daidai a cikin aji, amma yana fita ƙofa ya mayar da sandar ɓangaren ciwo, yana tafiya a karkace. Wannan sakaci ne, kuma gwiwarsa ce za ta ɗauki wahalar. Ciwo a hagu, sanda a dama.

Darasi na 4

A yi tafiya kaɗan kullum, kada a kwanta gaba ɗaya. Mai ƙiba ya rage nauyi. A guji haɗin ƙwayoyin 'yan talla, domin yawan shan magungunan rage ciwo irin su diclofenac yana illata ciki da ƙoda.