Babi na 6: Yadda Za Ki Yi Magana da Matashi Mai Galahanga

Iyaye mata, sannunku da ƙoƙari. Ku karanta a hankali, yatsa a ƙarƙashin kowace kalma. Abin da likitoci a nan Makka suke kira tawahhud, shi ne galahanga, wato lalurar da ke sa yaro ya sha wahalar mu'amala da fahimtar mutane. Ba sammu ba ne, ba laifin uwa ba ne. Da shi ake haihuwar yaro.

Darasi na 1: Faɗi da baki

Mu Hausawa da ido muke magana: harara, zunɗe, gyaran murya. Sau da yawa yaro mai wannan lalura, ko ya kai shekara 15, ba ya gane waɗannan. Baƙo ya shigo, kin harare shi don ya tashi ya kawo gahawa, shi kuwa yana zaune abinsa. Ba raini ba ne, saƙon ne bai isa ba. Ki ce: "Sani, tashi ka kawo gahawa."

Darasi na 2: Jira

Nan ne kowa ke tuntuɓe. Ki kira sunansa. Ki faɗi magana ɗaya. Ki yi shiru, ki ƙirga goma a zuci. Ɗaya, biyu, uku, har goma. Kada ki maimaita kafin goma ta cika, domin yana juya maganar ne a kansa, in kika ƙara wata sai ya koma farko. Suna, magana ɗaya, shiru, goma. Kin tsaya a huɗu? Ba komai, ki sake. Suna, magana ɗaya, shiru, goma.

Amma haba! Mako uku muna kan wannan, har yanzu wasunku na cewa "na ƙirga", alhali a uku suka fara faɗa. Goma na ce. Mai jiran shinkafa ta nuna ba ta gaza jiran ɗanta ba.

Darasi na 3: Shiga ta abin da yake so

Hankalinsa yana inda sha'awarsa take. In jirgin ƙasan Haramain ne, wanda ya fara aiki a 2018 tsakanin Makka da Madina, ki zauna ya lissafa miki tashoshinsa. Sannan ki nuna masa hoton fasinja a waya: "Wannan murna yake yi ko ya gaji?" Ki ƙirga goma.

Darasi na 4: Ido

Kada ki tilasta masa kallon idonki. Yana jin ki.

Aikin gida: ki gwada darasi na 2 sau uku kafin Asabar.