Yadda Ake Tsugunon Ƙafa Ɗaya da Ƙarfe a Hannu

Atisayen da ake kira tsugunon Bulgeriya, wanda mutum ke ɗora ƙafa ɗaya a kan benci ta bayansa ya riƙa sauka yana tashi da ɗayar, yana gina cinya da mazaunai sosai, kuma yana tona asirin ƙafar da ta fi rauni, wadda takan fake da 'yar'uwarta idan ana tsuguno da ƙafa biyu. Yawancin sababbin da na ga sun gwada shi sun watsar tun a makon farko suna kukan ciwon gwiwa, alhali kuwa matsalar tana wurin da suka dasa ƙafar gaba.

Ka nemi bencin da tsayinsa bai wuce gwiwarka ba, kamar santimita 40 ko ƙasa da haka. Idan babu, kujera mai ƙwari da aka jingina da bango ta wadatar, ba sai ka sayi komai ba. Ka zauna a bakin bencin, ka miƙe ƙafar da za ta yi aikin har ƙarshe, to inda diddigenka ya taɓa ƙasa nan ne mazaunin ƙafar. Ni nakan ja layi da alli a wurin, domin da zarar ka ɗauki ƙarfe ba za ka iya laluben wuri kana tsalle da ƙafa ɗaya ba. Daga nan sai ka miƙe, ka kwantar da saman ɗayar ƙafar a kan bencin, igiyar takalmi tana kallon ƙasa.

A nan ne ake yin kuskuren. Idan ƙafar gaba ta matso kusa da benci, diddige zai ɗaga yayin sauka, nauyin duka ya koma kan gwiwa. Idan kuma ta yi nisa, ƙugu zai lanƙwashe, gaban kwatangwalon ƙafar baya ya riƙa ja kamar zai tsinke. Na shafe watanni ina wannan na biyun, ina zaton zafin alamar aiki ce. Haka nan kada ka jera ƙafafun biyu a layi ɗaya kamar mai tafiya a kan igiya. Ka bar tazarar faɗin kwatangwalo a tsakaninsu, tangaɗin da kake yi zai ragu nan take.

Ka ɗan sunkuyar da ƙirji gaba, bayanka a miƙe, ka kafa ido a wuri ɗaya, sannan ka sauka a hankali cikin daƙiƙa 2 zuwa 3 har gwiwar baya ta kusa taɓa ƙasa. Ka taso ta hanyar danna tafin ƙafar gaba baki ɗaya, gwiwa tana bin saitin yatsu ba tare da ta karkata ciki ba. Ƙafar baya madogara ce kawai, kada ka tura da ita.

Kada ka taɓa ƙarfe sai ka iya yin 10 lafiya lau da jikinka zalla. Sannan ka riƙe dambel, wato ɗan gajeren ƙarfen da ake ɗagawa da hannu ɗaya, mai kilo 4 ko 5 a kowane hannu, wanda ya fi doguwar sandar ƙarfe da ake ɗorawa a kafaɗa aminci tunda kana iya sakinsa idan ka yi tangal-tangal. Ka fara da ƙafa mai rauni, sau 8 zuwa 10 kowace ƙafa, zagaye 3, sau biyu a mako. Idan ka ji suka a cikin gwiwa, ka dakata ka sake duba layin allin.