Darasi: Saita fokas ɗin kyamara don ɗaukar hoton wasanni

Mai hoton da ya saba da biki da suna yakan sha mamaki ranar da aka fara gayyatarsa filin ƙwallo. Zai koma gida da kati cike, amma da ya buɗe a kwamfuta sai ya tarar 'yan kallo sun fito tar, ɗan wasan da ya nufa kuwa biji-biji. Yawanci kyamarar lafiyarta ƙalau. An dai bar ta ne a saitin ɗaukar mutumin da ke tsaye, alhali ɗan wasa ba ya tsaya wa kowa. Ka ajiye kyamararka kusa da kai yayin karatun nan, duk abin da aka ambata ka nemo shi ka taɓa. Sunayen saiti mun bar su yadda aka rubuta su a jikin Canon da Nikon, don ka gane su in ka gani.

Yadda kyamara take kama abu

A cikin lensi akwai gilasai, da wani ɗan ƙaramin inji da ke matsar da su gaba da baya har hoto ya fito sarai. Wannan shi ne fokas. Abin da kyamara take nema shi ne wurin da fari ya haɗu da baƙi, ko wani launi ya haɗu da wani: lambar riga, wuyan riga, rubutun ƙirji. In ka nuna mata farin bango ko sararin sama, za ka ji lensi yana ta kai-komo, ya rasa abin kamawa.

Wurin da ke fitowa sarai kuma ba shi da faɗi. Da lensi mai 200mm a f/2.8 (lambar f ita ce girman buɗewar ƙofar lensi), in ɗan wasa yana nisan mita 20, abin da zai fito garau kimanin mita 1 ne kawai, rabi gabansa rabi bayansa. In ya matso zuwa mita 10, wurin ya ragu zuwa kimanin santimita 30. Mai gudu sosai kuwa yana cin mita 7 a sakan guda. Ke nan in kyamara ta kama shi sau ɗaya ta tsaya, kafin ka ƙarasa danna maɓalli ya fice.

Saiti na farko: fokas mai bi

Juya ƙawanyar saman kyamara ka fita daga koren Auto, domin a can ba a barinka ka zaɓi komai. Ka koma Tv a Canon ko S a Nikon, inda kai ke zaɓar saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, ko kuwa M, inda kai ke saita komai, in hannunka ya faɗa.

A Canon danna maɓallin AF, za ka ga One Shot, AI Focus da AI Servo. Zaɓi AI Servo. A Nikon sunayen su ne AF-S, AF-A da AF-C, kai kuma AF-C kake so. A ƙananan Nikon irin su D3300 da D5300 ana shiga ne ta maɓallin i. A D7100 da D7200 akwai wani ɗan maɓalli a gaba, gefen hagu, ƙasa da lensi. Ka danne shi ka juya ƙawanyar baya. Na tsakiyar nan, AI Focus da AF-A, ka rabu da su. Kyamara ce take yanke wa kanta ko abu yana motsi ko ba ya yi, kuma kafin ta gama shawara an riga an ci ƙwallo.

Da ka koma wannan saiti, ƙaran nan na “fit-fit” da ka saba ji zai daina. Ba lalacewa ba ce. Kyamarar ba ta kulle fokas ba ne, tana ta gyarawa muddin yatsanka yana kan maɓalli.

Saiti na biyu: wane ɗigo ne zai yi aiki

In ka leƙa ta tagar ido za ka ga 'yan ɗigogi ko 'yan akwatuna. Canon 600D da 2000D suna da 9, Nikon D3300 da D3500 suna da 11, D5300 tana da 39, D7200 tana da 51, Canon 7D Mark II tana da 65. In ka bar wa kyamara zaɓi, takan kama abin da ya fi kusa ko wanda ya fi ƙyalli: alƙalin wasa, ragar gola, allon talla. Don haka kai za ka zaɓa.

A waɗannan kyamarori da muka ambata masu ɗigo 9 ko 11, ka tsaya a kan na tsakiya. Shi kaɗai ne ke ganin layin tsaye da na kwance duka biyu, sauran ɗaya kawai suke gani, shi ya sa sukan kasa in haske ya yi ƙasa. Ɗan wasa zai riƙa faɗowa a tsakiyar hoto, ba laifi, ka yanke gefe daga baya.

In kyamararka ta fi wannan, ka zaɓi ɗigo ɗaya da 'yan rakiyarsa. Nikon na kiran wannan Dynamic-area. Fara da d9, in kana yawan kuɓucewa ka koma d21. A Canon sunansa AF point expansion. Amfaninsa shi ne in hannunka ya ɗan goce daga jikin ɗan wasa, ɗigogin gefe su riƙe shi kafin ka dawo. Sababbin kyamarori marasa madubi suna gane fuska da ido, kuma suna taimakawa ƙwarai in mutum ɗaya ne ko biyu a gabanka. A cunkoson bugun kwana kuwa, inda kawuna goma ke tashi lokaci guda, gara ka nuna mata wanda kake so da ƙaramin akwati, sannan ta bi shi.

Ka ɗora ɗigon a ƙirji, ba a kai ba. Kai ƙarami ne kuma yana yawan kaɗawa, ƙirji kuwa yana da faɗi ga kuma rubutu.

Raba aiki tsakanin yatsu biyu

Yadda kyamara take zuwa daga kamfani, maɓalli ɗaya ne ke yin fokas ya kuma ɗauki hoto. Masu ɗaukar wasanni da yawa suna mayar da fokas zuwa babban yatsa. A kyamara mai maɓallin AF-ON a baya, ka shiga menu ka cire fokas daga maɓallin ɗauka: a Canon ana yi a Custom Controls, a zaɓi Metering start, a Nikon a AF activation, a zaɓi AF-ON only. In babu wannan maɓalli a Nikon ɗinka, ka ba wa AE-L/AF-L aikin AF-ON.

Ga inda ribar take. Za a buga fanareti, kana son gola. Ka nuna shi, ka danna babban yatsa sau ɗaya, ka saki. Fokas ya zauna a kan layin gola, ko wa ya gitta ba zai motsa ba. Da wasa ya ci gaba, ka danne ka riƙe, ta koma bi. Kwanakin farko za ka riƙa mantawa, don haka ka saba da shi a gida, kada ka fara ranar aikin da aka biya ka. In za ka ara wa wani kyamarar kuma, ka gaya masa, don kada ya zaci fokas ya mutu.

Ka fara bin ɗan wasa tun kafin ƙwallo ta iso shi, ko da da sakan guda ne. Kyamara tana auna saurinsa ta yi hasashen inda zai kai, kuma wannan yana buƙatar ɗan lokaci. Wanda ya ɗaga kyamara ya danna nan take, hotonsa na farko kusan kullum ba ya fita.

In wani ya gitta gabanka

A manyan kyamarori akwai saitin da ke gaya mata ta yi haƙuri kada ta saki mutumin da take bi don wani ya wuce ta gaba. A Nikon sunansa Focus tracking with lock-on; ka sa shi a 3 ko 4. A Canon shi ne Tracking sensitivity, daga −2 zuwa +2; −1 ya dace da ƙwallon ƙafa. A 7D Mark II da 5D Mark III an haɗa su rukuni shida: Case 2 don wurin da ake yawan gittawa, Case 4 don mai gudu yana tsayawa farat ɗaya. Kada ka kai shi ƙarshe, domin in ta kama abin da ba shi ba ne, za ta daɗe ba ta saki ba.

Karanta hoton da ya lalace

Kada ka goge hoton da bai fita ba sai ka tambaye shi. Ka buɗe shi, ka girmama shi har ƙarshe, ka nemi wurin da ya fito sarai. Ciyawa ko ƙasar fili ita ce babbar shaida.

In ciyawar bayan ɗan wasa ko 'yan kallo sun fito tar, fokas ya wuce shi. Ko dai ɗigon ya zame daga jikinsa, ko kana kan One Shot, ko kuwa ya nufo ka da gudun da lensinka bai iya bi ba.

In ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta fito garau amma hannu da ƙafa da ƙwallo sun yi jaye-jaye, fokas daidai yake, saurin shota ne ya yi kaɗan. A 1/250, mai gudu yana motsa kusan santimita 3 kafin shota ta rufe. A 1/1000 milimita 7 ne kacal. Don ƙwallo ka sa 1/1000, kada ka sauko ƙasa da 1/500. Don dawaki, a folo ko sukuwa, ka hau 1/1600 ko 1/2000. Maɓallin IS ko VR girgizar hannunka kawai yake ragewa, ba ya tsayar da ɗan wasa.

In babu inda ya fito sarai ko kaɗan, ka duba girgizar hannu, ko dattin gilashi, ko filta mai araha da aka ɗaura a gaban lensi. Cire ta ka sake gwadawa. Akwai kuma zafin rana: da tsakar rana iska mai zafi tana tashi daga ƙasa, duk abin da ke can ɗaya ƙarshen fili sai ya yi kamar yana rawa. Babu saitin da ke gyara wannan, sai dai ka jira wasa ya matso wajenka. Filin ƙwallo yakan kai mita 105, kuma lensi mai 200mm ba na ɗaukar duka fili ba ne. Ka tsaya kan rabin da ke gabanka.

In kuwa hoto yana fita sarai amma kai kana gani dishi-dishi a tagar ido, wata 'yar ƙawanya ce kusa da tagar ta juye. Murza ta har lambobin da ke ciki su fito maka sosai.

Haske da ƙura

Wasannin lig a Nijeriya galibi ƙarfe huɗu na yamma ake take su, don haka hasken da ka fara da shi ba shi za ka ƙare da shi ba. A farko ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, 200 ko 400 ya isa. Bayan hutun rabin lokaci ka riƙa ɗagawa zuwa 800, 1600, har 3200, ka bar shota a inda take. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki ana iya amfani da shi, wanda ya yi jaye-jaye kuwa ya tafi ke nan. Ka tsaya ta yamma, rana na bayanka. In tana dukan gilashi kai tsaye, launi yana wankewa, fokas ya rikice. Hular lensi tana taimakawa.

Kyamara mai madubi tana yin fokas ne da ƙofar lensi a buɗe iyaka. Lensi mai f/5.6, irin 75-300mm in an ja shi ƙarshe, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken mai f/2.8 yake shigarwa, shi ya sa yake fara kai-komo da magariba. In ka ƙara masa abin ninka nisa mai 2x ya koma f/11, kuma a nan fokas na kyamarori masu madubi ba ya aiki ta tagar ido. In lensinka yana da maɓallin taƙaita nisa, ka yi amfani da shi: a Canon 70-200mm f/2.8 mai IS na biyu ka sa 2.5m zuwa ∞, a irinsa na Nikon mai VR II ka sa ∞ zuwa 5m. Lensin ba zai ƙara ɓata lokaci yana neman abu a gaban hancinka ba.

A filin dambe da kokawa matsala biyu ce: ƙura, da 'yan kallo da suka yi da'ira. Ka durƙusa ƙasa-ƙasa, ka zaɓi ɗan damben da yake fuskantarka, ka sa ɗigo a ƙirjinsa ko layun da ke jikinsa, ba a hannun da aka naɗe ba. Hazon hunturu ma yana rage wa kyamara gani, sai ka matsa kusa. Kada ka sauya lensi a tsakiyar fili. A kyamara mai madubi, abin da ke auna fokas yana ƙasan ɗakin madubin ne, in ƙura ta zauna masa sai ya riƙa kuskure. Ka kifa kyamara, ka hura da robar hura iska, ba da baki ba, kuma kada ka sa yatsa.

In fokas ya ƙi motsi gaba ɗaya

Duba maɓallin AF/MF a jikin lensi, yakan goce a cikin jaka. In Canon ta nuna Err 01, kyamara da lensi ba sa jin juna: kashe ta, cire lensi, goge 'yan ƙarafan nan masu ruwan zinariya da busasshen ƙyalle mai tsabta, ka mayar har ka ji ƙas. Mai sayen tsohon lensi kuma ya kula: Nikon D3000 zuwa D3500 da D5000 zuwa D5600 ba su da injin fokas a jikinsu, don haka lensi irin AF 50mm f/1.8D ba zai yi fokas da kansa a kansu ba. Ka nemi mai rubutun AF-S.

Wani lokaci kowane hoto fokas ɗinsa yana faɗawa ɗan baya ko ɗan gaba, har a kan abin da ba ya motsi. Ka ɗora kyamara a kan ƙafafunta, ka nuna rubutun kwali mai kauri, ka ɗauka ta tagar ido, ka sake ɗauka ta allon baya. In na allo ya fi fita kullum, sai a gyara da AF Microadjustment a Canon ko AF fine-tune a Nikon, mai tafiya daga −20 zuwa +20. In yana faɗawa baya, ka yi wajen ragi, kaɗan-kaɗan kana gwadawa. Ƙananan kyamarori ba su da wannan saiti, sai a kai wa mai gyara kyamarar da lensin tare.

Aikin gwaji

Ka sami wani ya tsaya nisan taku 40, sanye da riga mai rubutu a gaba, ya rugo wajenka. Sa shota a 1/1000 da ɗauka a jere. Zagaye na farko a One Shot ko AF-S, na biyu a AI Servo ko AF-C da duka ɗigogi, na uku da ɗigon tsakiya a ƙirjinsa. A zagaye na huɗu wani ya gitta tsakaninku. Ka ƙirga waɗanda suka fito sarai a kowane zagaye, ka rubuta a littafinka tare da saitin da ka yi amfani da shi, ka kawo aji mu duba inda ciyawa ta fito a kowane hoto.